Kande da Injin Matsa Tubali

"Sannu da zuwa, sarkin ƙarya! Kwana uku ke nan, na ɗauka kogi ya tafi da kai."

Kande mai tuwo a kasuwar Piti Marshe ce ke faɗin haka, tana tsaye bakin ɗakinta da ruwan farko ya zubar wa bango. A shekara ta biyu da samun mulkin kai ne, Yamai ta cika da baƙi, magina sun yi wuyar samu. Taubashinta Ɗan'azumi, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, shi ya yi mata alkawarin aro wani injin hannu da ke matse ƙasa ta zama tubali. Ga shi ya iso a gajiye, yana jaye da amalanken jaki.

"Fofo, sannu dai, baiwata. Haka ake tarbar ubangida?"

"Ubangidan wa? Ina kamiyon da kake cika mana baki da shi? Ko shi ne ya tsiro kunnuwa?"

"Mai motar ya hana. Tun daga Gudal nake roƙon jakin nan, ya fi ki jin magana."

Ta leƙa amalanken, ta ɗaga kai ta dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas.

"Wannan akwatin ƙarfen ne injin? Wayyo ni Kande! Zan ƙara kwana a rumfar maƙwabta."

"Ƙofa bakwai na buga kafin na same shi wurin Abdulaye magini. Jibi zai karɓi abinsa, saboda haka rage surutu."

"Kai da ko murhu ba ka taɓa ginawa ba?"

"Ni? Rabin gidajen gwamnati da shawarata aka yi su."

"Shi ya sa suke yoyo."

Ya sauke injin, ya cika shi da jar ƙasa mai danshi, ya rufe, ya kama dogon hannun ya ja. Ko gezau. Ya sake ja har hularsa ta faɗi.

"Kai, ƙafafun sauro! Matsa can, kar ka karye a ce ni na kashe ka."

"To zo. Dama ba ƙarfi yake so ba, nauyi yake so. Shekara ashirin kina cinye rabin tuwon da kike sayarwa, yau ranar amfaninsa ta zo."

"Allah ya isa!"

Ta ɗaure zane, ta yi tsalle ta rataya a hannun. Ƙarfe ya yi ƙara ya sauka. Da ya buɗe, tubali ya fito sumul, gefensa a miƙe. Kande ta danna shi da yatsa, bai lotsa ba. Ta sake dannawa.

"Yi magana mana, baiwata."

Dariya ta ƙwace mata. Ta kwance bakin zane ta jefa masa farin goro.

"Ungo, ɗan banza, ka ci yau. Zuba ƙasa, kafin ruwan nan ya sauko!"