Amale ko Taguwa

"Lafiya lau, sai dai kwanan zawarci. Mace da mijinta a gari, amma ya tare ƙarƙashin mota!"

"Amarya, da wannan ranar kika fito? In kika narke wa zai biya ni?"

Mai amsa gaisuwar Biba ce, tsohuwa mai sanda da kaifin baki. Wanda ya fito da rarrafe daga ƙarƙashin kamyo, wato babbar motar kaya, kuwa jikanta ne Alkasum, shofer, wato direba, wanda take kira miji tun yana goye a bayanta. A shekarar nan soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, amma fari ya riga su karɓa. Raƙuman ayarin gishiri sun zube, babu mai kai hatsi Bilma sai mota, kuma a can Habsa take, 'yar Biba, uwar Alkasum. Labarin da ke zuwa ba daɗi: ga gishiri ga dabino, babu hatsi. Gobe ayarin motoci zai tashi daga Agadas da rakiyar soja, Biba kuma ta rantse ƙafarta ƙafar buhunan geron da ta tara wa 'yarta. Maigidan Alkasum ya ce ya zaɓi ɗaya cikin kamyo biyu kafin la'asar. Tun shekaranjiya yake zaɓen, har kansa ya kulle.

Biba ta ce, "To, wanne za mu hau?"

"Shi nake lissafi, tsohuwa. Kin ga wannan? Moter ɗinsa, injin ke nan, babba ne, silandir takwas. Wancan shida."

"Mene ne kuma silandir?"

"Ki ɗauka cikinsa ne, inda yake narka gazuwal, man da yake sha."

"Ciki takwas! Ai magana ta ƙare. Wannan amale ne, ƙaton raƙumi, waccan taguwa. Kakanka, mijina na gaske ba irinka ba, bai taɓa shiga hamadar Tenere ba sai da raƙumi mai babban ciki. Ya sha sau ɗaya, sai garin Fashi."

"Wannan ba ya ajiyewa, ƙonawa yake yi. Yawan cikin yawan sha."

"Yana sha yana jin ƙishirwa? Lalle danginku ne na wajen uba. Buɗe min bakinsa in ga haƙora."

Don a zauna lafiya Alkasum ya ɗaga murfin. Biba ta yi ɗage ta leƙa, ta daɗe tana kallon ƙarafa da wayoyi da fuskar wadda ta gane komai. Daga nan ta sunkuya ta dangwali baƙin man da ya ɗiga a ƙasa ta sunsuna.

"Fitsarinsa baƙi ne, ba shi da lafiya. Ina tozon?"

"Ba shi da tozo."

"Ba tozo, ba haƙori, sai ci. Kamar ku ɗaya. Mu hau taguwar."

"Ita kuma in ta iske tudun rairayi da kaya a bayanta sai ta durƙusa. Mu yi ta haƙa, tana kuka tana shan gazuwal a wuri ɗaya. Kafin ta fita ta shanye abin da amale zai sha, har da ƙari."

"Tsaya. Mai yawan sha shi ne mai ƙarancin sha?"

"Wani lokaci."

"Mai ƙarancin sha kuma ita ce mai yawan sha?"

"In ta kafe."

"Yaro, kai me ka sha?"

Alkasum ya tsuguna ya zana layuka a ƙasa, litir kaza a kilomita kaza, ya share da tafin hannu, ya sake zanawa. A gaskiya shi ma bai fi kakarsa ganewa ba. Ya tambayi masu gyaran mota uku ya samo amsa huɗu, don na ƙarshen ya canja magana bayan ya sha shayi.

Biba ta ce, "Kai, ni dai na yi asarar aure. Gaba kura baya sayaki a kan ƙarfe biyu!"

"Rage murya mana, soja na bakin ƙofa."

"Kira min su! In ce su zo su taya mijina zaɓe. Su da suka zaɓar wa ƙasa duka ba su tambayi kowa ba."

"Za ki sa a ɗaure ni, ki yi takaba ba haƙori."

"Wa ya ce zan yi maka takaba? Ranar zan sa lalle."

Ya yi dariya, ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. Ya ce, "Amale za mu hau. Ba don na gama lissafi ba, don ke. In taguwa ta kafe da tsakar rana, kafin in haƙo ta kin zama kilishi, kuma ba mai saye."

"Ashe kana sona."

"Tsoron Inna Habsa nake ji."

Suka zagaya bayan amale. An riga an gwada masa lodi: buhunan gero, manyan tano, wato gangunan ƙarfe, na gazuwal, sai wani lungu da kayan Biba suka cinye, adaka da turmi da tukwane da gadon kara. Tano guda yana gefe a ƙasa. Biba ta ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Wannan fa, laifin me ya yi aka sauke shi?"

"Na ruwa ne. Amale na son ƙarin tano ɗaya na gazuwal, wuri kuma ya ƙare. Geron Inna ba zan taɓa shi ba, kayanki in na taɓa ki tara min unguwa. Muna da salkar ruwa biyu, kuma akwai rijiyoyi a hanya."

Biba ta sake duban tanon ruwan. Tsoro ne ya kama ta, na gaske. Matar madugu ce, ta sha zaman makoki a gidajen mazajen da suka dogara da rijiya a shekarun da suka fi wannan ruwa.

A hankali ta yi maganar. "Ka lissafa abin shan mai ciki takwas. Ka lissafa na mai ciki shida. Mai ciki ɗaya da zai tuƙa su fa, shi rairayi zai sha?"

"Kaka, kowace mota da nata ruwan, za su taimaka."

"A wannan shekarar? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hau ka sauke min tarkacen nan."

"Har turmin?"

"Bilma ba su rasa turmi ba, abin dakawa suka rasa."

Ya sauke turmi da tukwane da gado. Da adaka ta dira ƙasa, Biba ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta ta buɗe, ta tona can ƙasa ta ciro wani farin ƙunshi ta saƙa a hammata. Alkasum ya san shi. Likkafaninta ne, tun rasuwar kakansa ta yanka ta ajiye.

Ta ce, "Wannan kaɗai zan tafi da shi, ba ya ci ba ya sha. Ka mai da ruwan nan cikin mota. Daidai ni aka auna yadin, ba zai ishe mu mu biyu ba."

Dariya ta kubce wa Alkasum, ya yi ta har ya dafa mota, sannan ya goge ido da hannun riga ya ce rairayi ne.

"Kin ci, amarya. Amma har yanzu ban san wanne ya fi sha ba."

"Ni ma haka. Mirgino dai."

Ya kwantar da tano ya mirgino shi, ruwan na kaɗawa a ciki. "To ga sadakinki, tano guda cur."

"A hankali, ragon miji, kada ka zubar. Kakanka ma bai ba ni mai tsadar wannan ba."