Ranar da Na Je Korar Koci

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, kuma ko na so mantawa 'yan majalisarmu ba za su bari ba.

'Yata Rabi tana karatun malanta a jami'a, aka turo ta firamaren garinmu, can bayan Kafur, ta gwada koyarwa. Sai na tsinkaye ta tana ce wa uwarta, "Gobe koci ke zuwa duba ni, in ban yi abin kirki ba sai na maimaita zangon."

Koci! Ni da na tsaya aji uku (shi ma malamin ne ya roƙe ni), koci ɗaya na sani: mai gajeren wando da usur a bakin fili. Wato malama na tura, 'yar ƙwallo za a dawo mini da ita?

Da safe na bar sassabe na hau babur. Na tarar Rabi na gaban allo, a bayan aji kuma wata dattijuwa ta takure kan bencin yara. Na ɗauka kakar wani ce. Na matsa kusa da ita.

"Hajiya, ba ki ga wani shashasha mai usur ba? Wai koci. Yau zai san Rabi da ubanta."

Ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Ya kake ganin darasin nata?"

Kun san bakina, ba linzami. Na ce, "Wane darasi? Ta ba yara ƙeya tana hira da allo. Na baya har cin ƙuli suke. Ko a gida haka take, murya kamar sauro."

Matar ta rubuta. Wallahi a gabana ta rubuta!

Da aka kaɗa ƙararrawa Rabi ta zo ta rusuna. "Baba, ashe har kun gaisa da Dakta. Ita ce kocina."

Na ce, "Dakta, duk ƙarya na yi, tsufa ne." Ta yi murmushi, ta tambayi Rabi me ita ta lura da shi a ajin. Rabi ta ce, "Na baya ba sa ji na." Suka zauna suna gyara abinsu, ni ina tsaye kamar turke.

Ba ta maimaita zangon ba, alhamdulillahi. Amma sati guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yanzu kafin in zagi mutum, sai na fara tambayar na kusa da ni sana'arsa.