Jaririn da Na Yi wa Addu'a a Ƙarƙashin Fitila

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a lokacin kullen korona ba. Ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, muna zaune a unguwar Wangsa Maju, matata Hadiza ta haifi ɗanmu na fari. Kwana huɗu da haihuwa idonsa ya yi ɗorawa. A asibitin yara na unguwa, inda ake awon jarirai da duba haƙoran 'yan makaranta, aka ce shawara ce, kuma ta yi yawa. Suka kwantar da shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila.

Mutum ɗaya ake bari ya shiga. Hadiza ta je gida ta yi wanka, ni na karɓe ta. Na sa takunkumi biyu, gilashina ya yi hazo, na shiga ɗakin. Jarirai biyar ne a jere, daga su sai kunzugu, an rufe musu ido, kowa ya koma shuɗi. Ban tambayi kowa ba (wane uba ne zai tambayi wanne ne ɗansa?). Na nufi na bakin taga, zuciyata ta ce shi ne.

Na yi kusan awa guda ina tofa masa addu'a. Har ƙwalla na yi. Sannan na kira mahaifiyata a Kano ta bidiyo.

"Hajiya, ga angon naki."

"Masha Allah! Kai, wannan goshin marigayi babanka ne sak. Matso da wayar in ga yatsun."

Na matso. Ta ce yatsun ma na gidanmu ne. Ƙanwata da ke gefenta ta ɗauki hoton fuskar wayar nan take.

Sai na ji an yi gyaran murya. Wata Bamaleshiya ce a bayana riƙe da kwalbar nono, ga alama ta daɗe a tsaye. Nas ɗin da ke gefenta ta ce min da Turanci, a hankali, "Yallaɓai, naka yana can." Ta ɗaga ƙafar jaririn ta nuna min ɗaurin suna. Ashe jaririyar mace ce ma.

Matar, wato uwar jaririyar, ta ce ta ga addu'a nake yi, shi ya sa ba ta katse ni ba. Ta yi godiya. Na ce boleh, wato "zai yiwu" da yarensu (har yau ban san abin da nake nufi ba).

Nawa yana lungu, yana barcinsa. Bayan kwana biyu shawarar ta sauka aka sallame mu. Kafin nan hoton ya zaga dangi har Gumel, wata gwaggona ta sa shi a fuskar wayarta. Da na yi wa Hajiya bayani sai ta ce dama ita ta ga kunnen bai yi mata ba.

Hadiza kam sai da ɗinkin haihuwarta ya yi ciwo don dariya.

Abin da na koya kaɗan ne. Idan zuciya ta ce maka jininka ne, ka gode mata, sannan ka goge gilashi ka karanta abin da ke ƙafa.