Fankar Ɗakin Marasa Lafiya Ta Tafi Taro

Jama'a, yau da rana tsaka na zama mai gyaran fanka, ni da ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai na kira maƙwabci. Ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanki da guga yake yi a wata 'yar rumfar kwano a bakin titi. Tun ina ƙarami yake fama da dutsen guga na gawayi, ban taɓa jin ya ce wash ba. Amma zafin bana daban ne. Lokacin saukar ruwa ya zo ya wuce, sama fes kamar an share ta. Ruwan randa ma sai ka rantse daga kan murhu aka sauke shi. Masana a rediyo sun ce sauyin yanayi ne. Kawu ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne yanzu riga tun tana kan igiya take goge kanta.

Da hantsi sai ga matarsa afujajan, wai Kawu ya yanke jiki ya faɗi a kan kayan mutane. Na tarar da shi jiki zafi rau, leɓe a bushe, gumi ya ɗauke ɗif, yana kirana da sunan kakana da ya daɗe da rasuwa. Ni da mai facin da ke kusa da rumfarsa muka ciccibe shi sai asibitin unguwa.

Ɗakin a cike maƙil. Tsofaffi na haki, masu ciki sun jingina da bango, jarirai wuyansu duk ƙurajen zafi, 'yan jinya kowa na fifita da kwali. Nas ɗin, baiwar Allah, nan da nan ta ɗaura masa ƙarin ruwa. Ta ce a jiƙa tsumma a riƙa shafa masa, kuma lallai iska ta buga shi.

Na ce, "Sista, ina fankar ɗakin nan?"

Ta ce, "Ta tafi taro."

"Fankar?"

"Ita fa. Da safe aka zo aka are ta. Mai Girma Shugaban Kwamitin Yaƙi da Zafin Rana yana wayar da kan jama'a a zauren baya."

Na bar matar Kawu a kansa na nufi zauren. Kai, masha Allah, aiki sai manya! Ga ruwan gora jibge a cikin bahon ƙanƙara, ga masu ɗaukar hoto suna ta kai da komo. Can na hango fankarmu tsaye a bayan Mai Girma. An danne mata kai don kada ta waiwayi kowa, ƙeyarsa kaɗai take yi wa hidima. Shi kuwa yana ta zuba hikima: mu yawaita shan ruwa, mu zauna a inuwa, mu daina fita da rana. Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, don famfon layinmu iska kawai yake bayarwa, itatuwan bakin titinmu kuma tuni aka sare su don motocin manya su sami wurin juyawa.

Sai na tuna jiƙaƙƙen tsumman Kawu yana hannuna. Na saɓa shi a kafaɗa, na ɗaure fuska, na miƙe sai bayan mumbari. Wani ƙaton mai tsaron lafiya ya tare ni.

"Kai, ina zuwa?"

Na yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, ba ka ji ƙauri ba? Wayar cikin fankar nan ce take ƙonewa. In ta kama da wuta, rigar Mai Girma za ta fara ci."

Ya buɗe hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya ce, "Wallahi tun ɗazu nake jinsa!" Da hannunsa ya zare soket, ya ɗauko ta har bakin ƙofa. Na ce ai ba za ta gyaru ba sai an sanyaya injin, ya koma ya ciko mini bokiti da ƙanƙara.

Da na shiga ɗaki da ita, Sista ta kalle ni, ta kalli fankar, ta ce ita ba ta ga komai ba. Na saki kanta ta shiga juyawa, tana gaida kowane gado. Ƙanƙarar kuwa aka ƙulla a tsummoki, kowa ya samu. Wajen la'asar Kawu ya buɗe ido, ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ka kwashe shanyar mutane?" Matarsa ta fashe da kuka tana dariya. Sista ta ce da mun ƙara jinkiri da ƙodarsa ta taɓu, kuma daga yau ba shi ba guga da tsakar rana. Kawu ya ce, "To 'yar nan, da yaushe tsakar ranar take ƙarewa yanzu?"

Mai Girma kuwa, an ce jawabin bai kai rabi ba ya naɗe shi, riga sharkaf. Ya faɗa wa taro cewa yau ya ɗanɗana abin da talaka ke ji, har muryarsa na rawa. Nan take ya ba da umarni a saka na'urar sanyaya ɗaki a zauren taro. Allah ya ja zamaninsa, tausayi ke nan.

Ina shirin tafiya gida sai ga ƙaton nan yana cigiyata. Na fara tunanin wanda zai riƙa kai mini abinci gidan yari. Ashe fankar gidansa ce take ƙara, yana so in duba masa. Na ce ya kawo ta ɗakin mata masu haihuwa, can nake gwaji. Na kuma gargaɗe shi tun da wuri, irin wannan gyaran ba ya son gaggawa, sai damina ta sauka.