Firintarmu Tana Hadejia, Takardunmu Suna Fita a Hedkwata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kwamfuta, Kamfanin Irin Shuka na Bakin Fadama, Hedkwata.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan sanyin ofishinka bai yi maka yawa ba. Ni ce Ummussalma Bunu, mai buga wa manoma takardar karɓar iri a reshenmu na Hadejia. Ina neman izinin gabatar da 'yan koke-koke game da tsarin da kake turo wa kwamfutocinmu daga can, wanda ba ka taɓa gajiya da turowa ba.

Na ɗaya. Lokacin ambaliyar bara waccan, an kwashe kwamfutocinmu zuwa hedkwata don kada ruwa ya ci su. Allah ya saka da alheri. Ruwa ya janye, an dawo mana da su, amma a rajistarka har yau su 'yan hedkwata ne. Saboda haka duk takardar da na buga, a firintar da ke gefen teburinka take fita. Tamu tana nan a lulluɓe da zani, lafiyarta ƙalau, ta fi kowa hutu a ofishin nan.

Na biyu. Na koyi mayar da kwamfutar kan firintarmu da hannuna. Sai dai tsarinka yakan leƙo duk bayan minti casa'in ya ga ko mun yi rashin kunya, ya mayar da komai yadda kake so. Makon jiya ka ƙara masa ƙaimi, ka kulle wurin da nake gyarawar gaba ɗaya. Wa ya ce hedkwata ba ta lura da ƙoƙarin ƙananan ma'aikata?

Na uku. Da na kira, mataimakinka Malam Abdulmuhaimin ya karanto min umarnin tilasta sabunta tsari, harafi bayan harafi, ya ce in kashe in kunna. Na yi. Kwamfutar ta ce an sabunta cikin nasara. Gaskiya ta faɗa, kuskuren ne ya dawo sabo fil. Ya ce in cike fom ɗin ƙorafi, in buga, in sa hannu. Ranka ya daɗe, a ina kake tsammanin fom ɗin ya fita?

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Akwai wani dattijo, Baba Fannami, daga wani ƙauye bayan Miga. Ruwa ya cinye masa shinkafar damina ƙaf, abin da ya rage masa shi ne ya shuka alkama yanzu da ƙasa ke da laima. Sau uku yana hawa kwalekwale, sannan ya hau babur, ya zo ya zauna a bencinmu. Mai siton iri ba ya karɓar rubutun hannu, sai takarda mai lambar kwamfuta, kamar yadda kuka tsara. Kullum in ce masa ya yi haƙuri, shi kuma ya ce Allah ya yi min albarka. Wallahi wannan addu'ar ta fi zagi ciwo.

Ranar Juma'ar nan za a rufe sito, rabon irin bana ya ƙare ke nan. Ba na roƙon ka cire sunanmu daga cikin 'yan hedkwata, na san aikin minti biyu ne, kuma irin wannan babban aiki sai an kafa kwamiti. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Ka juya hannun damanka, za ka ga tarin takardu. Goma sha ɗaya daga ciki na Baba Fannami ne. Ka zari guda, ka ba direban motar Hadejia.

Idan kuma Juma'a ta riga ka, kada ka wahalar da kanka. Ka adana su da kyau, domin rahoton ƙarshen shekara zai nuna an buga wa dattijon takarda har sau goma sha ɗaya, ba kuwa layin da zai tambayi abin da iyalinsa suka ci.

Taka mai biyayya, wadda ake sabunta biyayyarta duk bayan minti casa'in,

Ummussalma Bunu
Reshen Hadejia