Rasuwar Baƙa, Tukunyar Romon Gidan Ramthing

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, ni Ramthing, tsohon malamin firamare na wannan ƙauye da ke bayan garin Ukhrul, nake sanar da dangi da surukai da 'yan majami'armu, da duk wanda hancinsa ya taɓa rage masa sauri a ƙofar gidana, rasuwar Baƙa, tukunyar romon gidan nan. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a cikin kwamin ruwa na bayan gida, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya. Ta rasu a bakin aiki, da romo a cikinta.

An haifi marigayiyar a Longpi, ƙauyen magina tukwane, a hannun surukina, wanda ya daka baƙin dutse ya kwaɓa da yumɓu, ya gina ta da tafin hannunsa, ya gasa ta, ya goge ta da ganye tun tana da zafi har ta yi sheƙi. Ta iso gidan nan a cikin kwandon da amaryata Masowon ta goyo. An naɗe tukunyar da zane biyu, ita kuwa amaryar zane ɗaya ta yafa duk sanyin ranar. Tun a wannan yini na san matsayina a gidan, wato na uku.

Duk wanda ya san marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. Ba ta san gaggawa ba, kuma ba ta yarda a koya mata ba. In aka zuba mata ƙashin alade da ƙafa guda da ɗan ƙyafaffen nama daga rumfar gora da ke saman murhu, aka bi da tohon gora mai tsami da daddawar waken soya da citta da barkononmu ƙwaya ɗaya tak, sai a ja gefe a bar ta da aikinta. Takan fara da wani siririn sauti, siii, wanda sai mai gida ke ji. Can sai ɓul, a ɗan jima, ɓul, kamar tsohuwa mai ba da labarin da ba ta so ya ƙare. In murfinta ya ce kar-kar-kar, to cewa take yi itace ya yi yawa, a zare ɗaya. Ko an sauke ta takan ci gaba da tafasa har a gama addu'ar cin abinci, ko da kuwa Fasto ne ke yin addu'ar.

A tsawon rayuwarta sabulu bai taɓa jikinta ba. Ruwan ɗumi da ganye ne wankanta, sai a kife ta a rumfa ta sha hayaƙi. Ta ciyar da masu jego da masu makoki, ta yi bukin Kirsimeti arba'in, ba wanda ya taɓa tashi daga gabanta ya ce a ƙara gishiri.

Babban alherinta kuwa ni ta yi wa. Da Masowon ta rasu shekara shida da suka wuce, ban iya ko dafa ruwan shayi ba tare da na ƙona yatsa ba. Wata biyu ina cin abincin tausayi daga gidajen maƙwabta, ina godiya har godiyar ta fara yi mini ɗaci. Wata rana na sauko da Baƙa na zauna a gabanta, ita ce ta koya mini, da siii ɗinta da kar-kar ɗinta. Ranar da romon ya fara yin kama da na matata, kuka na yi a kan kwanon, ban kuma ji kunyar faɗa a nan ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar murfinta, wanda ya tsira da ɗan rauni a kunne, da ludayin gora da ya yi mata hidima shekara goma sha biyu, da duwatsun murhu uku waɗanda har yau ba su san abin da ya faru ba. Ta bar ƙanwarta, ƙaramar tukunyar shinkafa, wadda ba ta kai ta riƙe gida ba. Akwai kuma wata tukunyar ƙarfe mai fito da aka kawo mini daga birni bara, tana nan cikin kwalinta a ƙarƙashin gado. Ina so jama'a su shaida cewa wannan ba 'yar dangi ba ce, kuma ba ta da gado. Daga ƙarshe ta bar ni.

Game da ciwon ajalinta, na ji maganganu suna yawo a bakin famfo da ƙofar majami'a. Wasu sun ce tsufa ne. Wasu sun ce hannun Malam ne ya fara rawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ga yadda abin ya kasance.

A watan Satumba 'yata Themla, wadda ke aikin jinya a birnin Imphal, ta zo ta ɗaura mini abin awon jini a dantse. Ta duba, ta sake dubawa, fuskarta ta canja.

"Baba, ɗari da tamanin fa. Mama da ɗari da saba'in ta faɗi."

"Wannan abin naki ne ke matse mutum har jininsa ya hau. Sassauta shi ki gani."

"Ni ba wasa nake yi ba. Daga yau babu alade, babu kitse, babu romo. In na ƙara zuwa na ji ƙanshin nan a gidan nan, tattara ka zan yi mu sauka Imphal. Akwai ɗaki a wurina a bene na uku, ina ganinka safe da yamma."

Ni kuwa, da gemuna da furfurata, a cikin gidan da na gina da hannuna, na dubi yarinyar da na koya wa rubuta sunanta na ce, "To."

Daga wannan "to" ciwon marigayiyar ya fara. Ban daina girki ba ko na mako ɗaya. Abin da ya canja shi ne na koma yi a ɓoye, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma, kamar mai dafa giya a ƙauyen 'yan Baftis masu haramta ta. In Themla ta bugo waya ta ce, "Baba, me ka ci yau?" sai in ce kabewa da ganye. Wata uku ina cin kabewa a waya. Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, maƙwabcina kuma abokin wasana Khanot, wanda hancinsa ke jin daddawa ta cikin bango, shi ma kullum sai na toshe masa baki da ƙashi.

Ranar Talata na ɗora ta tun da safe. Sanyi ya kai inda raɓa ta daskare a kan ganyen lambu. Romo ya kai awa uku, ƙafar ta fara sakin jiki, sai na ji muryar Khanot ta kan shinge.

"Malam! Kai Malam! Likitarka ta sauka a motar safe, ga ta nan tana hawowa da jaka biyu!"

Themla ce. Kayan Kirsimeti ta kawo mini, ba ta kuma faɗa za ta zo ba. Ban tsaya tunani ba. Na yayumi tsumma, na sunkuci Baƙa tana tafasa, na fita ta ƙofar baya da gudun da ban yi irinsa ba tun ina saurayi. Na duba hagu na duba dama, ban ga maɓoya ba sai kwamin dutsen da bututun gora ke zubo wa ruwa daga tsauni, gefensa har da ƙanƙara. A ƙauyen nan ko jaririn da ke rarrafe ya san ba a haɗa tukunyar Longpi mai zafi da ruwan sanyi. Shi ne abu na farko da Masowon ta taɓa yi mini faɗa a kai. Na sani sarai, na kuma tsoma ta.

Kalmarta ta ƙarshe ɗaya ce, ƙas.

Ta rabe gida uku. Romon ya bazu, kitsen ya taso ya yi fari a saman ruwa, ƙafar aladen tana juyawa a tsakiya. An gudu ba a tsira ba, don ina ɗaga kai na ga Themla a bakin ƙofar baya da jakunkunanta a hannu.

"Baba, gudu ka yi da tafasasshiyar tukunya? Da ka faɗi da ita fa?"

Sai ta matso ta leƙa kwamin, ta ga ko wace tukunya ce. Ta ajiye jakunkunan a ƙasa, ta sa hannu cikin ruwan ƙanƙarar nan ta ciro ɓari ɗaya, ta ce, "Ta Mama ce," ta fashe da kuka. Na tsaya a gefenta da tsumma a hannu, ban taɓa jin na ƙanƙance irin na wannan lokaci ba. Khanot ya zagayo ya cire hula, ya daɗe yana duban ruwan, sannan ya yi ta'aziyyarsa.

"Sai haƙuri, Malam. Ni abin da ya fi yi mini ciwo, ƙafar nan saura kaɗan ta nuna."

Kafin yamma Themla ta haɗa mini akwati, ta kuma kama mana wuri biyu a motar ranar Litinin.

Don haka ina so a rubuta a kuma riƙe: ba tsufa ne ya kashe marigayiyar ba, ba rawar hannu ba ce, hannuna ya ɗauki tukunya cike da romo ya yi gudu da ita bai zubar da ko ɗigo ba. Kada kowa ya ɗora wa Themla laifi, yarinyar da ta binne uwarta ba ta son ta binne ubanta, ni ma da ni ne ita haka zan yi. Tsorona ne ya kashe ta. Shekara talatin da huɗu ina dukan tebur ina hana 'ya'yan mutane ƙarya, sai ga shi na zo ina ɓoye abincina a gidana. Tukunyar da ta yi shekara arba'in da ɗaya a tsakiyar ɗaki kowa na ganinta, ta ƙare a bayan gida kamar kayan sata. Wannan ita ce kunyar, kuma na gama da ita.

Jiya na zaunar da Themla na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tun Satumba. Magani zan sha kowace safiya, a gaban duk wanda ta naɗa. Romo sau ɗaya a mako maimakon uku, kuma zan kwashe kitsen sama da ludayi yadda uwarta take yi. Amma bene na uku, inda ba a hura itace, inda mutum zai zauna a taga yana ƙirga motoci har Ubangiji ya kira shi, wannan kam ba da ni ba. Murhuna yana nan, kabarin matata yana bayan majami'a, ni ma a nan za a same ni.

"Baba, in ka faɗi kai kaɗai fa? Wa zai gan ka?"

"Khanot sau biyar yake leƙo gidan nan a rana in hayaƙi na tashi. Ranar da bai ga hayaƙi ba, kafin ki ɗaga waya ya tara ƙauyen nan da ihu."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon murhun, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta ce ta yarda ba, ni kuma ban nemi izini ba.

Za a yi jana'izar marigayiyar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a lambun gidan nan, a gindin barkono, inda za a binne ɓarin nan uku. Ba a roƙi Fasto ya yi wa'azi a kan tukunya ba, an dai roƙe shi ya zo da kwanonsa. Bayan binnewa za a yi zaman makoki a filin ƙofar gida, a sarari, inda za a hura wuta a dafa ƙafa biyu da tohon gora a tukunyar aro daga gidan Khanot, ƙofa a buɗe, taga a buɗe, duk mai wucewa ya shaƙa. An keɓe wa Themla kujera kusa da wuta, ludayin kuma a hannunta zai kasance, ta kwashe kitsen da idonta. Iyalan mamaciyar ba sa bukatar furanni, mai niyya ya zo da itace.

Ranar Litinin kuwa zan shiga motar, tunda an riga an kama wuri. In mun isa Ukhrul, Themla za ta bi hanyar da ta gangara Imphal, ni kuma zan bi wadda ta hau Longpi. Na riga na buga wa Yarngam waya, ɗan wan matata, wanda ya gaji sana'ar kakansa. Na ce ya gina mini babba, mai cin ƙafa biyu. Ya yi gyaran murya.

"Kawu, ka san fa sabuwar tukunya sai ta sha kitse da hayaƙi kamar shekara goma kafin ta ba ka romon da ka saba da shi. Shekarunka nawa yanzu?"

"Saba'in da huɗu. Kai dai daka dutsenka."

Sanarwa daga Ramthing, mai gidan.