Ƙasar da Ba Ta da Tudu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran tarkacen da ke kaina, da ranar sunan jikana na wajen 'yata Zainabu. Ranar ce na buɗe baki a gaban manyan mutane na koya wa masunci yadda ake tsere wa ruwa. Ni da iyakar shigata teku sau ɗaya ce, a Yanbu, kuma a idon sawu na tsaya.

Bari in gabatar da kaina tukuna, don ku san girman wanda ya faɗi. A nan Madina aka haife ni. Mahaifina da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, ya ga ƙubbar nan koriya, ya ce shi dai ya iso. Karatun zamani na yi shi har aji huɗu, inda ni da malamin lissafi muka yi shawara cikin mutunci kowa ya kama gabansa. Daga nan sai kasuwar dabino. To, mutumin da ya tsufa yana auna wa alhazai dabinon ajwa, wace al'umma ce bai gani ba? Na iya cewa "da araha" da Turkanci da Urdu da yaren Indunusiya. (Ban iya cewa "da tsada" da ko ɗaya ba, sana'ar ba ta buƙaci haka ba.) Da wannan ilimi mai zurfi na naɗa kaina masanin ƙasashen duniya. A majalisarmu babu mai musa mini sai Haruna, abokina tun muna tallan ruwa, wanda ke kirana kifin rijiya. Hassada ce, na sha gaya masa.

Surukina Malam Nasiru, mijin Zainabu, Bakatsine ne da ya zo karatu jami'ar Musulunci ya zarce da neman babban digiri. Ranar suna ya kama istiraha a Aƙiƙ, irin gidan hutun nan da ake haya don taro, aka yanka raguna, ya gayyato abokan karatunsa bayan azahar. A cikinsu akwai wani saurayi mai kunya, Ibrahim, tare da mahaifinsa Hajji Musa da ya zo umra. Ɗan siririn tsoho ne, fatarsa ta sha rana kamar tamu, amma da muka gaisa sai na ji kamar na cusa hannuna cikin kututturen dabino. Ba ya jin Larabci sai na salla, ɗansa ne ke yi mana tafinta.

"Daga wace ƙasa, ya Hajji?" na tambaya, ina gyara zama.

"Maldib, ya ammi," in ji Ibrahim, wato ya baffana.

"A'a, Maldib! Na san ta sarai. Can bayan Indiya, in ka sha kwana." (Iyakar sanina da ita, na taɓa ganin sunan a jikin gwangwanin kifi.) "Daga babban birni zuwa garinku, mota na kwana a hanya?"

Ibrahim ya yi murmushi ya ce, "Babu hanyar mota, ya ammi. Tsibirai ne barbaje cikin teku, sai da jirgin ruwa."

Wannan shi ne gargaɗi na farko da Allah Ya aiko mini. Na biyu kuwa gwiwar hannun Haruna ce a haƙarƙarina. Duka biyun na yi watsi da su.

Da aka ɗauke farantan shinkafa aka fara zagayawa da gahawa, sai Malam Nasiru ya ce, "Baba, Hajji Musa fa yana cikin waɗanda suka ga shekarar sunami da idonsu." Na tuna shekarar, wadda girgizar ƙasa ta tashi a ƙarƙashin teku ana shirin aikin hajji. Amma in faɗi gaskiya, abin da na riƙe game da ita shi ne alhazan gabas sun zo idanunsu a kumbure, ba sa ciniki, dabino ya yi mini kwantai. Ka ji masani.

Aka roƙi tsohon ya ba da labari. Ya fara a hankali, yana faɗa ɗansa na juyawa. Ya ce da hantsi ne, yana bakin gaɓa yana ɗinkin koma. Sai ya ga teku ya ja baya kamar an naɗe tabarma, kifaye na ta tsalle a kan yashi, yara suka ruga tsinta suna dariya. Shi da aka haifa a bakin ruwa bai taɓa ganin haka ba, kakansa ma bai taɓa ba shi labarin haka ba. Can sai wani ruri daga nesa. Ya ce ba igiyar ruwa ce irin wadda suka saba da ita ba, tekun ne gaba ɗaya ya miƙe tsaye ya nufo gari.

Mai zuba gahawa ya tsaya da butarsa a sama. Ni ma wallahi tsigar jikina ta tashi. Amma akwai wata cuta da ke damuna: idan na ga mutane sun zuba wa wani ido ba ni ba, sai harshena ya fara ƙaiƙayi.

Hajji Musa ya ce mutane suka yi ta gudu ba su san inda za su nufa ba. Nan na ajiye finjalina, na yi gyaran murya irin ta masu fatawa.

"To ai nan kuka yi kuskure, ya Hajji. Gaya masa, ya Ibrahim. Ruwa ba a yi masa gudun tsere, tudu ake hawa. Mu nan in kwarin Aƙiƙ ya kawo, ko jaki ya san ya haye dutse ya jira. Da kun nufi tudu tun farko, da ba a rasa ko akuya ba. Wani lokacin ba ƙaddara ba ce, rashin dabara ne."

Na waiwaya ina jiran a ce sadaƙta, ka yi gaskiya. Malam Nasiru ya sunkuyar da kai yana kallon kafet kamar an rubuta darasi a jiki. Haruna ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Inna lillahi. Kifi ya fito daga rijiya."

Ibrahim bai fassara ba. Uban ya taɓa gwiwarsa, alamar me ya ce? Yaron ya girgiza kai. Uban ya sake taɓa shi. Sai ya faɗa masa, kuma daga tsawon maganar na gane har jakin bai rage ba.

Tsohon bai ɓata rai ba. Ya miƙe, ya yi mini hannu in tashi, na tashi. Ya ɗora tafinsa a ƙirjina ya yi magana.

"Ya ce, ya ammi," in ji Ibrahim, "wuri mafi tudu a tsibirinmu, in ka auna daga bakin ruwa, bai wuce nan ba. Duk ƙasarmu babu dutse ko ɗaya. Ruwan ta gabas ya shigo, ya fita ta yamma."

Da a nan ya tsaya, da na sha da sauƙi. Sai ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna wa jama'a. Ya ce hannu biyu Allah Ya ba shi. Da ɗaya ya rungumi ɗansa ƙarami, da ɗayan ya riƙe matarsa. Ruwa ya kwashe su ya maka su da bishiyar kwakwa, kuma wanda zai kama bishiya sai da hannu. Ya ce bai saki kowa ba. Ita ce ta zare hannunta daga nasa.

Da Ibrahim ya kai nan, sai ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Yaron ni ne, ya ammi."

Jama'a, na taɓa faɗuwa daga kan tsani a gaban mata. Na taɓa jan salla na manta Ƙulhuwallahu. Duk wasan yara ne. Ina tsaye tsakiyar taro, rawanina ya yi mini nauyi kamar buhun dabino, na rasa ko zama zan yi ko fita. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi, don ita ma ta ji abin da na ce.

Tsohon ne ma ya cece ni. Ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, ya ci gaba da labari kamar ba a yi komai ba. Ya ce da ruwa ya janye, waya ta mutu a ko'ina, kowane tsibiri na zaton shi kaɗai ya rage a duniya. Sai masunta suka tura jiragen da suka tsira, suna bi tsibiri tsibiri suna kiran akwai mai rai? Nasu garin bai sake zaunuwa ba, gishiri ya kashe rijiyoyi da shuke-shuke. Aka kwashe su zuwa wani tsibiri, suka tarar mutanen can sun yi layi a bakin gaɓa, kowane mai gida ya kama hannun iyali guda ya kai su ɗakinsa. Wanda ya ɗauke su ya ba shi rabin gidansa da gurbi a jirginsa na kamun kifi. Ya ce a wannan shekarar babu wanda ya rufe ƙofa a ƙasarsu.

Wani malami a gefe ya ce, "Subhanallah. Aikin Ansaru ke nan." Na ji maganar har cikin ƙashina. Mu da muke tinƙaho da zama a garin Ansaru, muna ba alhazai labarinsu muna ƙara musu kuɗin dabino, ga mutanen da suka yi abin da hannunsu, a kan ɗan yashin da bai kai ƙirjina ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Mu 'yan Madina da magana ɗaya aka raine mu: baƙon garin nan baƙon Manzon Allah ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Mahaifina kan ce wanda ya ɓata wa baƙon Madina rai, ya shirya amsar da zai ba Mai gari. Ga shi Hajji Musa na daf da komawa. In ya hau jirgi da maganata a zuciyarsa, ina zan same shi? Ƙasar da ko mota ba ta zuwa?

Washegari na ɗauki kwalin ajwa, ta ainihi, ba wadda nake ajiyewa a gaban shago ba, na tafi masaukinsu. Haruna ya biyo ni, wai kada in ƙara wata fatawar. Na ce, "Ya Ibrahim, gaya wa mahaifinka jakin da na ambata jiya ya zo da kansa neman gafara."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce zai yafe, amma da sharaɗi: in kai shi Uhudu.

Muka je. Bayan mun yi wa shahidai sallama, ya juya ya fuskanci dutsen, ja, shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan. Ya daɗe yana kallo, leɓɓansa na motsi. Ni da nake wuce dutsen nan kullum ba na ko ɗaga kai, ranar na gan shi kamar yau aka kafa shi. Can ya yi magana, Ibrahim ya juya mini.

"Ya ce ya yafe maka duniya da lahira. Wanda ya buɗe ido ya ga wannan a bayan gidansu, dole ya zaci kowa ma an ba shi."

Sai ya nuna ɗan tudun maharba da alhazai ke hawa, ya ce mu hau. Ɗan tudu ne fa, yara na hawansa da gudu. Kafin mu kai rabi gwiwoyina suka ce ba da su ba, numfashina ya koma kamar na tsohon injin ban-ruwa. Haruna daga ƙasa yana ihu, "Haye mana, ya shehi! Ko jaki ya san ya haye!" Sai na ji an damƙi tsintsiyar hannuna. Hannun nan ne, wanda ya riƙe bishiyar kwakwa. Ya ja ni har sama, bai sake ni ba sai da ya ga na tsaya da ƙafafuna.

Tun daga ranar, in baƙo ya tsaya a shagona ya fara ba da labarin ƙasarsu, nakan ɗauki dabino mafi girma in cusa a bakina, in yi ta tauna har ya gama. Haruna ya ce ribar shagon ta ragu. Na ce masa ko banza ya fi araha a kan kwalin ajwa.